Awo kafin kankara: yadda ya kamata a koyar da maganin ciwon dasashi

Mutum zai shigo ɗakin haƙori ya ce ya zo wankin haƙori. Abin da yake nufi shi ne a cire masa jan goro da baƙin shayi, ya fita da farin baki. Ɗalibi ma, in ba a yi hattara ba, haka zai ɗauki aikin: a kunna inji, a bi haƙora ɗaya bayan ɗaya, a goge, malami ya sa hannu a littafi, an samu ƙarin mutum ɗaya cikin adadin da ake buƙata kafin jarrabawa. Da haka ake yaye ɗalibin da ya wanke bakuna masu yawa amma bai taɓa warkar da dasashi ko ɗaya ba, domin bai auna ba kafin ya fara, bai kuma sake ganin mai bakin ba bayan ya gama. A ganina nan ne koyarwarmu ta fi buƙatar gyara. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce ciwon dasashi mai tsanani yana tare da kusan kashi 19 cikin 100 na manyan mutane, wato sama da mutum biliyan ɗaya. Wanda zai fara cin karo da shi a asibitocin jihohi sau da yawa ba ƙwararren likitan dasashi ba ne, wannan ɗalibin ne da ke gabanmu yau.

Abu na farko da za a dasa masa a kai shi ne bambancin da ke tsakanin abu biyu, dauɗa da kanta. Dauɗa ita ce farin abin nan mai laushi da ke maƙale a bakin dasashi, kuma ba ragowar tuwo ba ce, tarin ƙwayoyin cuta ne masu rai. Kanta kuwa dauɗa ce da sinadaran miyau suka sandarar ta zama kamar dutse. Ɗalibai sukan ɗauka kanta ce cutar, saboda ita ake gani, ita ke ƙara idan ta ɓalle. Alhali kanta gida ce kawai, fuskarta mai kaushi ce ke ba dauɗa wurin zama. A 1965, a ƙasar Denmark, Harald Löe da abokan aikinsa sun sa masu lafiyayyen dasashi su daina goge baki. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura, da suka koma gogewa kuma ya lafa cikin kamar mako guda. Ba inji, ba magani. Ɗalibin da ya fahimci wannan gwaji ya riga ya san cewa hannun majinyaci ya fi nasa hannun aiki. Sai a ɗora masa bambanci na biyu: kumburin da ya tsaya a dasashi yana warkewa sarai, amma idan ya ci zaruruwan da ke riƙe saiwa da ƙashin da ke kewaye da ita, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a tsayar da ɓarnar.

Daga nan sai tsinken awo, siririn ƙarfen da ake sakawa tsakanin dasashi da haƙori a auna zurfin ramin da ke wurin, wato aljihun dasashi. Ban ga dalilin da zai sa a damƙa wa ɗalibi makankari ba alhali bai iya wannan ɗan ƙarfen ba. Tsinken Hukumar Lafiya ta Duniya yana da ɗan ƙwallo mai kaurin rabin milimita a baki, da baƙin zobe daga milimita 3.5 zuwa 5.5. Shi ne na binciken farko, inda ake raba baki gida shida a rubuta mafi munin abin da aka samu a kowane gida: 0 lafiya lau, 1 jini bayan awo, 2 kanta ko cikon da ke tara dauɗa, 3 baƙin zoben ya nutse rabi, 4 ya ɓace gaba ɗaya, da alamar tauraro idan tsinke ya shiga tsakanin saiwoyin turmi. Wannan tacewa ce kawai. Inda aka samu 3 ana yin cikakken awo a wannan gidan, inda aka samu 4 kuwa sai a auna baki duka da tsinke mai zane-zanen milimita, irin UNC-15 ko Williams. A ja kunnen ɗalibi cewa na Williams ba shi da zane a kan 4 da 6, domin nan suke yawan kuskuren karatu.

Cikakken awo wuri shida ne a kowane haƙori, uku ta wajen kunci uku ta wajen harshe. Mai haƙori 28 ke nan wuri 168. Yana cin lokaci, shi ya sa ake tsallake shi, amma babu abin da zai maye gurbinsa.

Kurakuran awo sanannu ne, kowane sabon aji kuma sai ya maimaita su. Na farko ƙarfin hannu. Nauyin da ake so bai wuce giram 20 zuwa 25 ba. Faɗar adadin ba ta koyar da komai, sai an kawo ɗan sikelin awon kayan girki mai nuna giram, ɗalibi ya danna tsinke a kai yana kallo, sannan ya rufe ido ya danna abokinsa na karanta masa. Yawancinsu za su ga sun ninka abin da ake so. Wata dabarar ita ce ya sa bakin tsinken a ƙarƙashin farcensa ya danna har wurin ya yi fari ba tare da zafi ba. Idan hannu ya yi nauyi, tsinke yana huda naman da ya kumbura, a samu zurfin da babu shi da jinin da ɗalibi ne ya jawo. Na biyu kusurwa: tsinke yana bin tsawon saiwa yana jingine da ita, amma a tsakanin haƙora biyu dole a ɗan karkata shi ya shiga ƙarƙashin mahaɗarsu, domin nan cutar take fara cin ƙashi, kuma nan ne wanda ya miƙe tsinkensa zai wuce bai gani ba. Na uku tsalle: ba a soka tsinke sau ɗaya a zare, takawa ake yi da shi a cikin aljihun dasashi, milimita ɗaya ɗaya, a rubuta mafi zurfi. Na huɗu kanta: tsinke zai tsaya a kan dutsen kanta, ɗalibi ya rubuta 3, alhali in ya ɗan ɗaga ya kewaye ta zai sauka zuwa 6. Jini kuma ba nan take yake fitowa ba kullum, sai a auna jere guda sannan a waiwayo bayan 'yan daƙiƙu a duba.

Yadda za a san ɗalibi ya iya shi ne malami ya sake auna gida ɗaya a bayansa ba tare da ya ga abin da ya rubuta ba. Bambancin milimita ɗaya abin karɓa ne. In ya wuce haka a wurare da yawa, ya koma kan haƙoran roba.

Zurfin aljihu shi kaɗai yana iya yaudara, don haka a tilasta lissafin asarar riƙo, wato nisa daga wuyan haƙori, inda farin ɓawo ya haɗu da saiwa, zuwa gindin aljihu. Aljihu mai milimita 4 a haƙorin da dasashinsa ya ja baya da milimita 3, asararsa 7 ce. Aljihu mai milimita 6 a dasashin da ya kumbura ya hau haƙori da milimita 4, asararsa 2 ce. Na farkon ya fi muni nesa ba kusa ba, amma ɗalibin da bai iya lissafin ba na biyun zai fi tsoro. Da wannan adadi ake shiga rabe-raben ciwon dasashi da aka amince da su a taron Chicago na 2017: mataki na ɗaya asarar milimita 1 zuwa 2, na biyu 3 zuwa 4, na uku 5 ko fiye, na huɗu kuma idan cutar ta riga ta zubar da haƙora biyar ko fiye, tauna ta fara gagara. Saurin cutar kuma ana gane shi ta raba kason ƙashin da ya zube a hoton X-ray da shekarun mutum. Kashi 40 cikin 100 a ɗan shekara 65 ya ba da 0.6, matsakaicin gudu. Kashi 40 ɗin a ɗan shekara 30 ya ba da 1.3, cuta ce mai gudu, ba ta ɗalibi shi kaɗai ba ce. Shan sigari kara 10 ko fiye a rana, ko awon HbA1c na mai ciwon suga, wato gwajin jinin da ke nuna matsakaicin sugansa na 'yan watannin baya, ya kai kashi 7 cikin 100, duk suna kai mutum rukunin mafi haɗari.

Wannan ya kawo mu ga tambayoyin da ake yi kafin a ce buɗe baki. Ciwon suga da ciwon dasashi suna ciyar da juna, kuma bincike ya nuna maganin dasashi yana iya rage HbA1c da kusan 0.4 cikin wata uku zuwa huɗu. Wanda ya zo da ƙuraje masu mugunya a dasashi nan da can, yana yawan fitsari da ƙishirwa, a auna sugansa ko da ya ce ba shi da shi. Dasashin da ya yi kauri ya rufe haƙora, a tambayi magani: amlodipine da nifedipine na hawan jini, phenytoin na farfaɗiya. Ɗalibi ba zai ce a daina sha ba, takarda zai rubuta wa likitan da ya bayar. Mai juna biyu dasashinta yakan kumbura da ɗan dauɗa kaɗan, kuma ba a hana ta magani, watanni uku na tsakiya sun fi sauƙi. A tambayi taba ta kowace fuska, har da ta gari da ake dannawa a leɓe, a kuma tuna cewa dasashin mashayin sigari ba ya yawan jini ko da cutar ta yi nisa. Mai shan maganin tsinka jini, da wanda aka sa wa bawul a zuciya, sai an ji daga likita. Jinin da ke zuba da kansa a baki mai tsabta, ga kasala da fari fat, ba aikin kankara ba ne, gwajin jini yake buƙata a ranar.

Jagorar da ƙungiyar likitocin dasashi ta Turai ta fitar a 2020 ta jera magani hawa huɗu, kuma hawan farko ba kankarar saiwa ba ne, gyaran hannun majinyaci ne tare da cire kantar da ke sama. Wannan zaman ne ɗalibai suka fi rainawa. Su ce "a riƙa goge baki sau biyu" su wuce. Ba haka ake yi ba. A shafa ruwan rini mai nuna dauɗa, a ba mutum madubi ya ga inda ya yi ja, a ce ya goge yadda ya saba da abin da ya saba, sannan a gyara masa. Buroshi mai laushi ko matsakaici, a karkace zuwa bakin dasashi da kusurwar digiri 45, minti biyu, da man goge baki mai fuloraid ppm (kashi cikin miliyan) 1,000 zuwa 1,500, a tofar ba tare da kurkurewa ba. Tsakanin haƙora kuwa ɗan buroshin tsakani ya fi zare aiki matuƙar akwai wurin da zai shiga.

Mai aswaki kada a raba shi da aswakinsa. Dattijon da ya shekara hamsin yana aswaki kafin kowace salla ya riga ya mallaki abin da muke wahalar koya wa wasu, wato yawan yi. Matsalar ita ce inda aswakin ba ya kaiwa: bayan haƙoran gaba na ƙasa, gefen harshe na turame, da tsakanin haƙora. Ga kuma dirza a kwance da ƙarfi, wadda ke janye dasashi ta yanke wuyan haƙori. Sai a koya wa ɗalibi ya ce, "Baba, ku ci gaba da aswakinku, amma a tauna bakinsa ya yi laushi sosai, a riƙa sharowa daga dasashi zuwa bakin haƙori, da dare kuma ku ƙara da buroshi saboda can ciki." Gawayi, toka da gishiri kuwa a hana kai tsaye, cin haƙori suke yi. Kuma a gaya wa kowa cewa jini ba dalilin daina gogewa ba ne, wurin da ke jini shi ya fi buƙatar buroshi.

Akwai maganar da dole a yi ta kafin a taɓa inji. Mutane da yawa sun yarda cewa wankin haƙori yana sa haƙora girgiɗi da giɓi, kuma ba daga sama suka samo wannan ba. Kanta mai kauri takan haɗe haƙoran gaba na ƙasa kamar siminti, ta ɓoye cewa ƙashin da ke riƙe su ya zaizaye. Ranar da aka cire ta sai girgiɗin ya bayyana, kumburi ya sace, ramuka su fito, ruwan sanyi ya fara tsirawa. In ba a faɗa tun farko ba, majinyaci zai tafi da yaƙinin cewa an lalata masa baki, ya kuma hana mutum goma zuwa. Ɗalibi ya nuna masa a madubi, ya ce, "Hajiya, wannan dutsen ne ya cinye ƙashin, idan muka cire za ki ji haƙorin yana ɗan motsi kuma sanyi zai dame ki na 'yan makonni. In muka bar shi, haƙorin ne zai fita." A rubuta girgiɗin kowane haƙori a kati kafin a fara.

Sai kankara. Riƙon makankari irin riƙon alƙalami ne da ɗan gyara: babban yatsa da manuni suna riƙe ƙota, na tsakiya yana jingine a wuyan ƙarfen yana jin abin da ke ƙasa, na zobe kuma ya kafu a kan haƙori kusa da wurin aiki. In babu wannan madogara, ƙarfe zai zame ya yanki dasashi ko leɓe. Ƙarfi daga dantse da wuyan hannu yake zuwa, ba daga yatsu ba, wanda ya saba ja da yatsu zai gaji kafin ya gama gida ɗaya, bayan shekaru kuma hannun zai dame shi. Makankari mai siffar lauje na saman dasashi ne, tsininsa yana yaga nama idan aka tura shi ƙasa. Na ƙasa shi ne mai zagayayyen baki kamar cokali. A jerin irin waɗannan makankaran da ake kira Gracey, 1/2 na haƙoran gaba ne, 7/8 na gefen kunci da na harshe a turame, 11/12 na fuskar turmi da ke kallon gaba, 13/14 na wadda ke kallon baya. Kaifinsa gefe ɗaya ne, wanda ya fi sauka, kuma alamar an riƙe daidai ita ce ƙarshen wuyan ƙarfen ya yi layi ɗaya da fuskar haƙorin. Ana shiga aljihu da fuskar ƙarfe a kwance jikin saiwa, a wuce ƙasan kanta, a buɗe zuwa kusurwa 60 zuwa 80, sannan a ja gajeren ja mai ƙarfi. Milimita ɗaya zuwa biyu na ƙarshen baki ne kawai ke manne da haƙori, shi ya sa ake murza ƙota a hankali idan za a sha kwana. Kusurwa in ta gaza 45, ƙarfe zai bi ta kan kanta ya mulmule ta ta yi santsi, daga nan ba ta jiyuwa ba ta ciruwa, aljihun kuma ya ci gaba da jini. In ta wuce 90, nama ake yanka.

Duk wannan a haƙoran roba ake fara shi, ko haƙoran da aka cire aka turara aka kafa a filasta. A shafa jan farce a saiwa, a rufe da dasashin roba, ɗalibi ya kankare, sannan a buɗe ya ga abin da ya bari. Kusan kullum wuri ɗaya ne: kwanar haƙori, ƙarƙashin mahaɗa, da kwarin da ke jikin saiwa.

Dakusasshen ƙarfe shi ne abin da ya fi ɓata aiki a ɗakunan koyo, domin kayan kaɗan ne, hannaye da yawa. Ɗalibin da aka ba dakusasshe zai koyi danna ƙarfi, ya rasa jin yatsa. Wasa ƙarfe darasi ne mai zaman kansa: dutse a kusurwa 100 zuwa 110 da fuskar ƙarfen, a bi siffar bakin kada a mayar da cokali tsini, a gama da jan ƙasa. Gwaji a sandar roba, mai kaifi yana kamawa, dakusasshe yana zamewa, kuma bakinsa yana ƙyalli a haske.

Inji mai girgiza yana da sauri, sakamakonsa kuma daidai yake da na hannu idan an iya. Gefen bakinsa ake amfani da shi a kusurwar da ba ta wuce 15 ba, ba tsinin ba, da hannu sakwa-sakwa, ana motsi ba tsayawa. Dannawa tana kashe girgizar. Ruwa ya wadata, in ba haka ba zafi zai taɓa jijiyar haƙori. Bakin da ya cinye da milimita 1 ya rasa kusan kwata na ƙarfinsa, da milimita 2 rabi, sai a jefar. Feshin da yake tayarwa yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, don haka takunkumi da tabarau dole ne, mai tarin da ake zargin tibi ne kuma ba a kunna masa. Amma inda wuta ke ɗaukewa a tsakiyar aiki, ɗalibin da bai iya hannu ba ya tsaya ke nan. Kayan kuma a wanke su tas kafin tukunyar turara, a digiri 134 na minti 3 ko 121 na aƙalla minti 15. Tafasawa a ruwa ko jiƙawa a sinadari ba ta kai wannan ba.

Abu biyu da aka daina, amma har yanzu suna yawo a tsofaffin takardun darasi. Ba a neman a fere saiwa har ta yi santsin gilashi, cire dauɗa da kanta ake so, a bar jikin saiwar. Kuma wurin da bai kai zurfin milimita 3 ba, ba ya jini, ba a kankare ƙasansa, domin yin hakan asarar riƙo yake jawowa. Aljihu mai zurfi kuwa a kashe wurin da allura a yi gida ɗaya ko biyu da kyau, ya fi a bi baki duka sama-sama mutum yana ƙanƙame kujera.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya cikin aikin yau da kullum. Mutane suna zuwa sun riga sun sha Flagyl da Ampiclox daga kemis, kumburin ya lafa ya dawo, saboda ƙwaya ba ta cire abin da ke manne a saiwa. Likita ne zai yanke shawararsa, ga matashi mai cuta mai gudu, ko kumburin da ya bazu da zazzaɓi. Ruwan kurkure baki na chlorhexidine mai ƙarfin kashi 0.2 cikin 100, mililita 10 na minti ɗaya sau biyu a rana, na ɗan lokaci ne, mako ɗaya zuwa biyu, a ba da tazarar rabin awa tsakaninsa da man goge baki. In ya daɗe yana rina haƙora da harshe, ya canza ɗanɗano.

Bayan mako shida zuwa wata uku sai a sake awo, wuri shida a kowane haƙori, da irin tsinken da aka fara da shi. Kafin haka nama bai gama warkewa ba. Abin da ake nema shi ne kada a samu aljihun da ya wuce milimita 4 yana jini, kada kuma a samu mai 6 ko fiye. Wanda ya rage tsakanin 4 da 5 yana jini a sake kankare shi, bayan an tambayi dalili: dauɗa ce ta dawo, kanta aka bari, suga ne, ko taba? Mai 6 ko fiye, da wanda ya shiga tsakanin saiwoyi, a tura wa likita, wataƙila sai tiyata. Wanda ya daidaita a sa masa ranar dawowa tsakanin wata 3 zuwa 12 gwargwadon haɗarinsa. Da za a bi shawarata, littafin ɗalibi ba zai ƙirga baki nawa ya wanke ba, zai ƙirga mutum nawa ya kai wannan zama da kati biyu a hannu, na farko da na biyu, yana iya bayyana bambancinsu. Hakan na nufin karɓar lambar waya, da kira, da daidaita rana da kasuwa da damina da azumi.

Akwai kuma dasashin da ba ya jiran mako shida. Yaro ɗan shekara biyu zuwa shida, ramamme, bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba, bakinsa na wari ƙwarai, tsinin dasashin da ke tsakanin haƙora ya ci ya yi toka-toka, yana jini da an taɓa. Wannan ne matakin da ke iya zama cutar noma mai zaizaye fuska cikin kwanaki, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disambar 2023, wadda kuma akwai asibitinta na musamman a Sakkwato tun 1999. A wannan mataki tsaftace baki a hankali, da maganin kashe ƙwayoyin cuta daga likita, da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Duk ɗalibin da za a tura karkara a Arewa ko Nijar ya kamata a nuna masa hotunanta tun kumatu bai kumbura ba, a kuma sa ya rubuta takardar tura irin wannan yaro da hannunsa a aji, da sunan asibitin da ya fi kusa da inda zai yi aiki.